Mai Juna Biyu Wajen Neman Aiki: Ta Faɗa Ko Ta Yi Shiru?

A ƙasar Hausa ciki ba abin shela ba ne. Mace takan yi wata uku, wani lokaci har huɗu, ba wanda ya san halin da take ciki sai mijinta, in kuwa na fari ne, ko uwar da ta haife ta sai dai ta gane da idonta, domin kunya ba za ta bar 'yar ta buɗe baki ba. Waɗansu tsoron bakin mutane ne yake sa su ɓoye, waɗansu kuwa sun san cikin da bai yi ƙwari ba yana iya zubewa, don haka gara a bar shi ya zauna tukuna. Likitoci ma ba su ƙaryata masu wannan tunani ba, gama mafi yawan ɓari a cikin mako 12 na farko yake aukuwa.

To, wannan tsohuwar al'ada ta zo ta yi karo da wata sabuwa, watau ta teburin ɗaukar aiki. Matar da ta gama kwalejin horon malamai, ko makarantar ungozoma, ko jami'a, ta yi shekara biyu tana jefa takardun neman aiki, ranar da Allah ya sa aka kira ta ganawa sai ga shi tana ɗauke da cikin wata biyu. Abin da take jin nauyin gaya wa uwarta, shi ne za ta gaya wa baƙi uku ko huɗu da ba ta taɓa gani ba? In ta faɗa, tana tsoron a ce ta je gida za a neme ta, ba kuwa za a neme ta ba. In ta yi shiru, tana tsoron ranar da cikin zai fito a ce ta yi yaudara, ta ci amana.

Kafin a yanke mata hukunci, ya kamata mai karatu ya san abin da doka ta tanadar mata, da kuma wanda ta bar ta da shi. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa tun zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon a farkon shekarun 1970, ta yi maganar mai juna biyu a sashe na 54. Ta ba ta ikon barin aiki mako 6 kafin haihuwa idan ta kawo takardar likita, ta kuma hana a sa ta aiki a mako 6 na bayan haihuwa, wanda ya yi daidai da kwana arba'in na wankan jego har da ɗan ƙari. Ta ce a biya ta abin da bai kasa rabin albashinta ba a wannan hutu, a ba mai shayarwa rabin sa'a sau biyu a yini, kuma kada a miƙa mata takardar sallama tana cikin hutun. Duk wannan da kyau. Amma fa duk maganar wadda ta riga ta shiga ofis ce. Wadda take bakin ƙofa da takardunta a hannu, sashen bai ce kome a kanta ba. Bugu da ƙari, dokar ba ta lissafa manyan ma'aikata masu gudanar da mulki da ƙwararrun masu sana'a cikin waɗanda take karewa ba, su sai abin da yarjejeniyar aikinsu ta ƙunsa.

Akwai kuma wani sharaɗi da mata da yawa ba su san da shi ba sai ya faɗo musu. Rabin albashin nan ba ya wajaba sai mace ta yi wata shida cur tana aiki a wurin kafin ta tafi hutu. A yi lissafi. Ciki yakan kai wajen mako 40, wata shida kuwa mako 26 ne. Wadda take so ta ɗauki hutunta mako 6 kafin haihuwa, lalle ne ta kama aiki cikin bai wuce mako 8 ba. Wadda ta kama da cikin wata huɗu, ko ta yi aiki har ranar da naƙuda ta kama ta, ba za ta cika wata shidan ba, hutu za ta samu amma albashi sai in mai wurin ya ga dama. Sa'an nan sashe na 11 na dokar ya ce wanda bai wuce wata uku a bakin aiki ba, sanarwar kwana ɗaya tak ta isa a sallame shi. Watau ke nan sabuwar ma'aikaciya mai ciki tana tsaye ne a inda ƙasa ta fi santsi.

Ma'aikatan gwamnati sun fi samun sauƙi. Ƙa'idojin aikin Gwamnatin Tarayya na 2008 sun ba da mako 16 da cikakken albashi, Jihar Legas ta kai nata wata shida a 2014, Jihar Kaduna ta yi haka a 2019. Amma mata nawa ne gwamnati take ɗauka a shekara? Galibin masu neman aiki makarantun kuɗi suke dosa, da asibitocin kuɗi, da bankuna, da kantuna, da kamfanoni, inda mai wuri shi ne wuƙa shi ne nama.

Shi ma mai wurin a saurare shi, domin kukansa ba na banza ba ne. A ɗauka mai wata ƙaramar makaranta ne ya ɗauki malamar lissafi a watan Satumba don ta shirya 'yan ajin ƙarshe ga jarrabawar da za su zauna a Mayu da Yuni, sai a Fabrairu ta ce za ta tafi hutun haihuwa. Dole ya nemo wani, ya biya shi, wataƙila ita ma ya biya ta, iyayen yara kuma shi za su tsare a bakin ƙofa. Tushen ɓarnar yana nan: a Nijeriya nauyin albashin mai jego a wuyan mai ɗaukar aiki yake shi kaɗai. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta hangi wannan, shi ya sa a yarjejeniyarta mai lamba 183 ta shekarar 2000 ta nemi hutun ya kai aƙalla mako 14, kuɗin ya kai kashi biyu cikin uku na albashi, kuma a fitar da shi daga asusun inshora na kowa da kowa ko daga baitulmali, don kada a ɗora wa mutum ɗaya. Inda aka raba nauyin haka, mai kamfani ba shi da babban dalilin gudun mai ciki. Inda aka bar masa shi, zai yi ta leƙen cikin mata a wurin ganawa, ko doka ta so ko ta ƙi. Sai dai wannan gyara aikin 'yan majalisa ne, bai kamata a ce macen da take neman abin saka wa bakin salati ita za ta biya bashin da hukuma ta ƙi biya ba.

Saboda haka abin da ya fi kusa da adalci shi ne, ba wajibi ba ne mace ta tsiri maganar cikinta a wurin ganawa alhali ba a tambaye ta ba. Masu cewa wannan algus ne suna kwatanta abin da mai sayar da saniya da ya ɓoye aibinta. Kwatancin bai hau ba. Ciki ba aibi ba ne, ita ma macen ba kanta take sayarwa ba, iliminta da ƙwazonta ta kawo, su kuwa suna nan ba su ragu ba. Namijin da ya zo ganawa yana shirin ƙara aure, ko yana jinyar tsohonsa, ko yana jiran kiran wani kamfani da ya fi wannan tsoka, ba wanda yake tuhumarsa don bai faɗa ba, ko da yake kowanne cikin ukun nan yana iya raba shi da ofis fiye da mako 12.

Waɗansu ƙasashe sun daɗe da rufe wannan babi. Amurka ta haramta ƙin ɗaukar mace saboda ciki tun 1978. A Ingila abin da ake bukata ga ma'aikaciya shi ne ta sanar mako 15 kafin makon haihuwarta. Har akwai wata shari'a daga ƙasar Danmak, ta wata mata da kamfanin tarho ya ɗauka aikin wata shida kacal a 1995, ta san tana da ciki ba ta faɗa ba, da ta faɗa aka kore ta. Kotun Turai ta yanke hukunci a 2001 cewa korar ta saɓa wa doka, duk da gajartar aikin. Mai karatu yana iya ganin nan kam an ɗan wuce gona da iri, kuma ba a rasa gaskiya a ganinsa ba, domin aikin wata shida da mutum ya san ba zai yi rabinsa ba, mutunci ya fi son a faɗa tun da wuri.

Shiru daban, ƙarya daban. Idan shugaban masu ganawa ya dubi mace ya ce, "Malama, kina da juna biyu ne?", tambayar ba ta dace ba, amma an riga an yi ta. Kada ta ce a'a alhali i ne. Ban da alhakin ƙarya, ciki ba ya ɓuya, kuma wadda ta rubuta ƙarya a fom ta sa hannu ta miƙa wa mai wurin sandar da zai doke ta da ita, gobe ba zai ce don ciki ya kore ta ba, zai ce don ƙarya ne, kotu kuma ta saurare shi. Tana iya cewa, "Ranka ya daɗe, al'amarin iyali ba zai hana ni riƙe aikin nan ba, in an ɗauke ni duk abin da ya kamata ofis ya sani zan kawo shi a rubuce." In an matsa, ta faɗi gaskiya, ta biyo da shirin da ta yi: watan da take sa ran sauka, tsawon hutun da za ta ɗauka, da wanda zai riƙe mata jariri in ta dawo. Sau da yawa ma abin ba ya kaiwa ga tambaya, domin sashe na 8 na dokar ya ce likita ya duba ma'aikaci lokacin ɗaukarsa, waɗansu wurare kuwa sukan cusa gwajin ciki a cikin wannan dubawa. Yarjejeniyar nan ta 2000 ta hana irin wannan gwaji ga mai neman aiki, sai fa inda aikin yake da haɗari ga uwa ko ɗa.

Wannan togaciya kuwa a riƙe ta da kyau. Wadda za ta yi aiki a ɗakin hoton ƙashi na asibiti, ko wurin feshin maganin ƙwari a gona, ko masana'antar batir inda ake sarrafa darma, ko ɗakin awo inda ake taɓa magunguna masu guba, shirunta ba mai kamfani yake cuta ba, abin da ke cikinta yake cuta, kuma watannin farko da ake ɓoyewa su ne lokacin da gaɓoɓin ɗan tayi suke haɗuwa. Haka nan aikin ɗamara: sanarwar ɗaukar kuratan 'yan sanda takan faɗa ƙarara cewa ba a ɗaukar mai ciki, saboda horon da za a sha. Hukumar masu yi wa ƙasa hidima ma ba ta barin mai ciki ta zauna a sansanin horo. A irin waɗannan wurare babu maganar zaɓi.

Ga sauran ayyuka kuwa, lokacin faɗa shi ne bayan takardar ɗauka ta shigo hannu, mace ta sa hannu ta kama aiki, cikin kuma ya zauna. Kada ta jira sai zane ya tona ta, ko sai shugabanta ya ji a bakin 'yan gulmar ofis, domin wanda aka gaya wa da wuri yana da lokacin neman mai riƙon ƙwarya, wanda aka ba mamaki kuwa haushi ne zai yi masa jagora.

In duk da haka aka sallame ta, ƙofa ba ta rufe ba. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda mutum namiji ne ko mace, gyaran da aka yi wa tsarin mulkin a 2010 kuma ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon duba irin waɗannan ƙararraki tare da la'akari da ƙa'idojin ƙwadago na duniya. A cikin kundin shari'o'in ƙwadago na 2012 akwai hukuncin da kotun ta yanke a Abuja kan wata ma'aikaciyar wata ƙungiya da aka sallama bayan ta shaida wa na gaba da ita tana da ciki: kotu ta ce wariya ce da cin mutunci, ta sa aka biya ta diyya. A 2023 reshen kotun na Akure ya soke ƙa'idar da ta sa aka kori wata 'yar sanda marar aure don ta yi ciki, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta rushe ƙa'idar a 2024.

Sai dai alƙali ba ya aiki da "na gaya masa a bakin mota". Abin da zai nema shi ne shaidar cewa mai wurin ya san da cikin kafin ya rubuta takardar sallama. Don haka sanarwar ta kasance a rubuce, da kwanan wata, da takardar asibitin da take zuwa awo a manne, a yi ta kofi biyu, akawun da ya karɓa ya sa hannu a kan ɗaya ya buga hatimin ofis, ita kuma ta kai wannan gida ta adana tare da takardar ɗaukarta.