Ramin Titi Yana da Mai Shi

Duk shekara idan ruwa ya ɗauke, sai a ga ɓarnar da damina ta bari a kan titunanmu. Kwalta ta zaizaye daga gefe, ɗan ramin da ake tsallakewa a watan Mayu ya buɗe baki har yana iya haɗiye taya, yashin da ruwa ya kwaso ya kwanta a kan kwana babu mai sharewa. Mai mota idan ya faɗa irin wannan rami, asararsa ba ta wuce taya ko shokozoba. Ya yi tsaki, ya nufi wurin bakanike. Mai babur kuwa da jikinsa yake biya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Babur a kan ƙafa biyu yake tsaye, kuma abin da ke taɓa ƙasa daga kowace taya bai kai faɗin tafin hannu ba. Da zarar tayar gaba ta nutse a rami, ko ta hau yashi a daidai lokacin da mutum ya karkata zai sha kwana, kan babur ya ƙwace ke nan. Idan ya damƙe birkin gaba don tsoro, abin ya ƙara lalacewa. Da damina ruwa yakan rufe ramin ya yi shafe-shafe da titi, babu mai sanin zurfinsa sai wanda ya faɗa. Da dare kuma hasken motar da ke tahowa ya dalle ido, mutum ya ratse gefe don ya ba ta hanya, ya tarar gefen ya rufta tun bara.

Sau da yawa ma ba ruwan sama ne ya haƙa tarkon ba, mutum ne. Wani yana gini, tifa ta juye masa yashi da tsakuwa a rabin titi, suka kwana wata guda a wurin. An yanka kwalta an binne bututu ko waya, aka mayar da ƙasa aka tafi, ruwan farko ya mayar da wurin kwari. Murfin ƙarfen magudanar ruwa ya bi 'yan jari-bola, aka bar rijiya a tsakiyar hanya, mai tausayi ya cusa tsohuwar taya ko reshen dalbejiya a ciki don alama. Tirela ta lalace a kan babbar hanya, babu fitila babu alamar gargaɗi, sai 'yan ganyayyaki da yaron mota ya jera a baya. Ga kuma tudun rage gudu da 'yan unguwa ke ginawa da kansu bayan mota ta kaɗe yaro. Niyyarsu mai kyau ce, ba mu musa ba, amma tudun da aka yi da siminti kamar kunyar gona, ba fenti ba allo, baƙon da ya biyo hanyar bayan isha'i shi zai fara karyawa.

Idan aka yi haɗarin, kowa ya san wanda za a ɗora wa laifi. Ɗan acaɓa ne, ai ganganci ne da su. Ba mu wanke masu babur ba. Akwai mai ɗora mutum huɗu, akwai mai tafiya da dare ba fitila, akwai yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba an ba shi makulli, akwai mai bin hannun da ba nasa ba. Batun hular kwano kuwa abin kunya ne a gare mu duka. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa ta a ranar 1 ga Janairun 2009, wasu a Kano ƙwarya suka kifa a ka, aka yi ta dariya har labarin ya kai kafafen yaɗa labarai na duniya. Dariyar ta wuce, dokar ta yi sanyi, kawuna kuma suna ta fashewa, alhali babu likitan da ke jayayya cewa hula mai inganci, wadda aka ɗaure igiyarta a haɓa, tana raba mutum da mutuwa.

To amma adalci ba ya tsayawa a gefe ɗaya. Tun da aka kafa hukumar kiyaye haɗurra a 1988, ga kuma irin su KAROTA da jihohi suka ƙirƙiro daga baya, an kama masu babur ba adadi, an ci su tara, an kwashe baburansu a bayan mota. Yaushe rabon da a ji an gayyaci ɗan kwangila ko injiniyan ma'aikatar ayyuka ya yi bayani a kan ramin da ya kashe mutum? Rahotannin hukumar kiyaye haɗurra kusan kullum gudun wuce sa'a suke sawa a sahun gaba, lalacewar hanya tana can ƙasa-ƙasa. Muna ganin wannan lissafi bai kama gaskiya duka ba. Manomin da ya faɗi shi kaɗai a hanyar kasuwar ƙauye, 'yan'uwansa suka ɗauke shi zuwa gidan mai ɗori, ba ya shiga littafin kowa. Wanda kuma ya kauce wa rami ya yi taho-mu-gama da mota, sai a rubuta tuƙin ganganci, ramin ya fita salin-alin.

Kowane titi a ƙasar nan yana da mai shi. Daga cikin kimanin kilomita 195,000 na hanyoyin Najeriya, kusan 35,000 ne na gwamnatin tarayya, kuma tun 2002 aka kafa hukumar FERMA don ta riƙa gyara su. Sauran na jihohi ne da ƙananan hukumomi, kuma kaso mafi tsoka yana hannun ƙananan hukumomin, wato inda babur ya fi yawa, inda shi ne motar asibiti, shi ne motar kai amfanin gona. Amma je ka kai ƙorafi ka ga ikon Allah. Ƙaramar hukuma ta ce na jiha ne, jiha ta ce na tarayya ne, tarayya ta ce an riga an ba da kwangila. Hanyar Abuja zuwa Kaduna, Zariya da Kano, mai tsawon kilomita 375, an ba da aikinta tun ƙarshen 2017, kuma masu bin ta sun yi shekara da shekaru suna fama da karkatar da hanya, da shingayen siminti, da haɗe motoci a hannu ɗaya. Idan babbar hanyar da manya ke bi ta sha wannan jinkiri, me ake tsammani ga titin da ya shiga lungun Kurna ko ya nufi wani ƙauye a Katsina? Shi ya sa gyaran ya koma hannun yara masu shebur da ke zuba jar ƙasa a rami suna miƙa hannu. Ƙasar nan da suka zuba, da rana ƙura, da ruwa santsi.

Abin da ke faruwa a mintocin farko bayan faɗuwa yakan fi faɗuwar kanta illa. Jama'a su taru, wasu su zaro waya suna ɗaukar hoto, masu zuciyar taimako su cicciɓi mutum hannu da ƙafa su cusa shi a A Daidaita Sahu a naɗe. Idan ƙashin wuya ko na baya ya tsage, wannan ɗaukar ce za ta iya zaunar da shi har ƙarshen rayuwarsa. Wani ya kawo man birki ya tsiyaya a rauni, wani ya ɗura masa ruwa a baki yana sume. Abin da ake buƙata bai kai haka wahala ba: a danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, a riƙe kai da wuya kada su motsa, a tallafi gaɓar da ta karye da katako kafin a ɗaga shi, a kira 122, lambar kyauta ta hukumar kiyaye haɗurra. Wanda kuma ya bugu a ka, ko da ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce "ba komai, alhamdu lillahi", kada a bar shi ya je gida ya kwanta. Jini yakan taru a cikin ƙoƙon kai a hankali. Amai, ciwon kai mai tsanani, barcin da ba a saba gani ba ko rikicewar magana, duk alamu ne na a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.

A asibitin ma akwai magana. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, har da tanadin tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba. Duk da haka mutane da yawa suna tsoron ɗaukar wanda ya yi haɗari, don kada a ce sai sun kawo takardar 'yan sanda ko sun ajiye kuɗi. Dokar da talaka bai san da ita ba, mai gadin ƙofar asibiti ma bai sani ba, amfaninta kaɗan ne. A rubuta ta da Hausa da manyan baƙaƙe a ƙofar kowane sashen gaggawa.

Daga nan sai doguwar jinya, wadda ita ce ba a cika ba da labarinta ba. Shekaru da dama asibitocin ƙashi na tarayya uku ne kacal: Igbobi a Legas, na Inugu, da na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake karɓar majinyata daga faɗin Arewa har da maƙwabtan ƙasashe. Wanda ya taɓa zaman jinya a irin wannan wuri ya san lissafin: hoton ƙashi, jini, allurai, kuɗin aiki, kuɗin ƙarfen da za a sa, abincin mai jinya da ke kwana a tabarma. Ƙashin ƙauri, wanda ya fi shan wahala a haɗarin babur domin babu abin da ya kare shi, yakan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ya haɗe, idan ba a sami matsala ba. Idan kuwa ƙashin ya huda fata ya fito ya taɓa ƙasar titi, to sai an wanke shi a ɗakin tiyata, an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar tetanus, in ba haka ba ciwon yakan zauna a cikin ƙashi ya yi ta ɗigar ruwa shekara da shekaru.

Wannan lissafi ne ke sa dangi su ce wa likita, "A ba mu shi, za mu kai shi gida." Ba mu raina masu ɗori ba. Sana'a ce ta gado, suna kusa da jama'a, suna karɓar abin da ya sawwaƙa, kuma akwai karayar da suke ɗorawa ta warke. Amma akwai wadda ta fi ƙarfinsu, kuma mai ɗorin kirki ya san haka. Gaɓar da ta karye kumbura take yi. Idan aka jera mata karare aka ɗaure tam, kumburin ya rasa inda zai je, sai jini ya daina kaiwa ƙasa. Yatsu su yi sanyi, su yi baƙi, majinyaci yana ihu ana ce masa ya daure, ɗori ne ke kamawa. Kafin a kwance, naman ya mutu. A dawo asibitin da aka gudu don tsoron yanka, a tarar babu abin da ya rage sai yankan, labari kuma ya bazu cewa asibiti yanke ƙafa suke yi. Ma'aikatun lafiya na jihohi su daina yin kamar masu ɗori ba su wanzu. A zauna da sarakunan ɗori, a yi yarjejeniya a kan abin da ba za su taɓa ba: karaya mai rauni a buɗe, karayar cinya da ƙugu, ta baya, ta cikin gaɓa, da duk gaɓar da ta fara sanyi ko canza launi.

Ko ƙashi ya haɗe, aiki bai ƙare ba. Gwiwar da ta yi watanni a miƙe sandarewa take yi, naman cinya ya zube, sai an yi ta gashin ƙashi da motsa jiki kafin mutum ya iya durƙusawa ya yi salla yadda ya saba. Masu wannan aiki kuwa a manyan birane suka taru. A duk tsawon lokacin nan tukunya ba ta jira. Mai babur ɗin da ya karɓo bashi yana biyan balas kullum, mai shi zai zo ya ɗauke abinsa. A sayar da akuya, a sayar da ɗan kunnen uwargida, a jinginar da gona, a cire yaro daga makaranta ya je ya nemo. Inshorar dole ta babur, wadda aka mayar naira 3,000 tun farkon 2023, ta wanda ka yi wa ɓarna ce, ba ta biyan ko sisi ga direban da rami ya kayar.

Idan ya ce zai nemi haƙƙinsa a kotu, nan ma akwai shinge. Dokar kare ma'aikatan gwamnati, wadda muka gada tun zamanin Turawa, ta ce duk mai ƙarar jami'i ko hukuma a kan sakacin aiki ya shigar da ita cikin wata 3. Mutumin da ke kwance da ƙarfe a cinya, wata ukun nan ko bayan gida ba ya iya zuwa da ƙafarsa. Kafin ya miƙe, ƙofa ta rufe. Muna kira ga Majalisar Ƙasa da majalisun jihohi su tsawaita wannan wa'adi ga waɗanda suka ji rauni, kuma ƙungiyar lauyoyi ta ɗauki ko da shari'a ɗaya kyauta ta bi ta har ƙarshe. Ranar da kotu ta sa wata ma'aikata ta biya diyyar ƙafar ɗan acaɓa, ranar za a fara ganin motar faci tana yawo ba sai gwamna zai wuce ba.

Kafin nan akwai abin da ba ya buƙatar sabon kasafi. Kowace jiha ta fitar da lamba ɗaya da za a kira a kai rahoton rami ko buɗaɗɗiyar magudana, tare da adadin kwanakin da za a gyara. A kafa allo a farkon kowane titi mai ɗauke da sunan hukumar da ke da alhakinsa. Duk wanda ya yanka kwalta ya ajiye kuɗin gyara kafin ya sa diga, mai juye yashi a titi a ci shi tara kamar yadda ake cin mai babur, tudun rage gudu kuma a rushe na gangan a gina na ƙa'ida a shafa masa fenti. Ƙungiyoyin masu babur, waɗanda ke yankar tikiti kowace safiya, su ware wani abu daga ciki don asusun jinyar mambobinsu, su kuma bayyana wa mambobin nawa aka tara da wanda aka biya wa magani.