Injin Ɗaga Ƙarfe: Na Ragwaye Ne?

Wata 'yar makaranta ta aiko mini da takarda. Ta ce a ɗakin motsa jiki ta ga sandar ƙarfe mai hawa da sauka tsakanin ginshiƙai biyu, ana kiranta injin Smith, ƙawarta kuwa ta ce na ragwaye ne.

A'a, ƙanwata. Sandar tana da ƙugiyoyi. In nauyi ya fi ƙarfinki, sai ki murza hannu ta maƙale, ba za ta danne ki ba. Wannan kariya ce ga mai koyo.

Amma dubi mai daka: ita ke ɗaga taɓarya, ita ke lura kada ta kauce wa turmi. Injin ya ɗauke miki wannan lura, don haka tsokokin da ke daidaita jiki ba su samun aiki sosai. Fara da shi, sannan ki haɗa da ƙarfen hannu kaɗan-kaɗan.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Ƙashin mace yakan raunana bayan ɗaukewar haila, tun da ƙuruciya ake tanadi.

Sai mako mai zuwa.