Sharhi: Yammacin Afirka na Sayar da Kifin Tuna da Araha

A watan Nuwamba na 2024 ne wa'adin yarjejeniyar kamun kifi tsakanin Senegal da Tarayyar Turai ya cika, ba a kuwa sabunta ta ba. Bisa yarjejeniyar, wadda aka ƙulla a 2019, Turai na biyan Yuro miliyan 1.7 a shekara, ban da kuɗin lasisin masu jirage, domin kama tan 10,000 na kifin tuna da ɗan wani kifi daban. Turai ta zargi hukumomin Dakar da sakaci wajen hana satar kifi, shi kuma Shugaba Bassirou Diomaye Faye dama ya yi alkawarin sake duba irin waɗannan yarjejeniyoyi. Batun farashi kuwa, wanda shi ne jigon maganar, ya ɓace a cikin cacar baki.

Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta bai wa kowace ƙasa iko da albarkatun ruwa har mil 200 daga gaɓarta. Matsalar ita ce tuna matafiyi ne, bai san iyaka ba. Idan wata ƙasa ta tsawwala kuɗi, sai jiragen su koma wajen maƙwabciyarta. Duk ɗan kasuwa ya san makomar farashi idan masu sayarwa na rige-rige a gaban mai saye ɗaya.

Wasu ƙasashe takwas na tsibiran tekun Fasifik, ciki har da Papua New Guinea da Kiribati da Nauru, sun taɓa shan wannan wahala. Daga 2007 suka fara sayar wa jiragen waje ranakun kamun kifi, tare da ƙayyade adadin ranakun a shekara. A 2015 mafi ƙarancin kuɗin rana guda ya kai dala 8,000. Kuɗin shigarsu ya tashi daga kusan dala miliyan 60 a 2010 zuwa kusan miliyan 500 cikin shekara goma. Ƙayyade ranakun nan da ya ɗaga farashi, shi ne kuma ke hana a ƙarar da kifin.

Gaskiya ne cewa a tekun Atlantika ana kama tuna mai yawa a tsakiyar teku, inda babu ikon kowa, saboda haka ƙarfin cinikin Afirka bai kai na tsibiran ba. Duk da haka wannan ba hujja ba ce ta ci gaba da ciniki a rarrabe. Nijeriya da Gana da Kodebuwa da Laberiya da Togo da Binin suna da kwamitin kula da kamun kifi mai hedkwata a Tema. Ya kamata kwamitin ya tsayar da farashin da babu ƙasar da za ta sauka ƙasa da shi, ya kuma gindaya sharaɗin sauke wani kaso na kifin a tashoshin yankin, domin masana'antun kifin gwangwani irin na Tema da Abijan su samu abin sarrafawa.