Kwamfuta a Cikin Jarka: Darasi daga Abidjan

Duk Bahaushen da fatauci ya taɓa kai shi Abidjan ya san kasuwar Black Market ta Adjamé, inda wayoyi da kwamfutoci na hannu da kayan gyaransu ke jibge rumfa bayan rumfa. Ya san Treichville, tsohuwar unguwar da ke maƙwabtaka da tashar jiragen ruwa, inda 'yan'uwanmu na Nijar da Najeriya suka daɗe suna neman halaliya. A irin waɗannan kasuwanni ba a zubar da kwamfutar da ta mutu. Farke ta ake yi, a sayar da fankarta daban, ma'ajiyar bayananta daban, babban allon cikinta daban.

Da irin waɗannan tarkace wasu matasan Kwaddibuwa suka yi abin da ya kamata mu tsaya mu duba. A shekarar 2011 ɗaliban makarantar ƙira ta ENSCI da ke Paris suka fito da wata dabara mai suna Jerry: a yanka jarka, a ɗaure kayan cikin tsohuwar kwamfuta a ciki, a huda wa iska hanya, a kunna. A Faransa aka haifi dabarar, amma a Afirka ta Yamma ta yi ƙarfi. Matasa suka kafa ƙungiyar JerryClan a Kwaddibuwa, kuma Florent Youzan, fitaccen mai fafutukar manhajoji masu 'yanci, yana cikin waɗanda suka yaɗa ta. Suna ɗora wa jarkar Emmabuntüs, wani reshe na manhajar Linux da aka tsara musamman don raya tsofaffin kwamfutoci, wanda ba a biyan kuɗin lasisinsa, kuma kowa na da damar duba cikinsa ya gyara. Har suka yi JerryTub, jarkar da ke taimakawa wajen bibiyar masu tarin fuka ta saƙon tes.

Jarkar ita ke ɗaukar ido, amma abin da ya fi burge ni shi ne aikin da suka ba ta. Sun mai da ita uwar garke, wato kwamfutar da ke riƙe bayanai tana raba wa sauran, tana zaune a ɗakin masu ita, ba a wata ƙasa ba. Wanda ke ganin wannan wasan yara ne, ya tuna ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala. Kwaddibuwa na cikin ƙasashen da abin ya fi daka, a Najeriya ma mutane suka yi ta fama da bankuna. A irin wannan rana, makarantar da ta ajiye Wikipedia a na'urarta ta hanyar manhajar Kiwix, ko asibitin da bayanan majinyatansa ke cikin gida, aikinsu ba zai tsaya ba.

Masu sha'awar harkar kan yi gardama: tsohuwar kwamfuta ko Raspberry Pi, 'yar na'urar nan mai faɗin katin banki da ta fito daga Ingila a 2012 kan dala 35? Raspberry Pi 4 ba ta buƙatar fiye da wat 15, ƙaramin faifan sola ma ya ishe ta. Sai dai odarta ake yi, ta yi wuyar samu ƙwarai tsakanin 2021 da 2023, kuma in ta ƙone da wuya mai gyaran unguwa ya tashe ta. Tsohuwar kwamfutar tebur kuwa kayanta na kasuwa, amma akwai ta da shan wuta, mu kuma halin da lantarki ke ciki a Kano da Zariya ba sai an faɗa ba. Ni dai a ganina tsohuwar laftof ta fi dacewa da mu, domin batirinta na jikinta, masu gyaranta kuma ga su nan birjik.

Kasuwar Farm Centre ta Kano na da hannaye irin na Adjamé. Abin da ya rage shi ne a haɗa mai gyara da mai sanin Linux a rumfa ɗaya. Malaman sashen kwamfuta na Jami'ar Bayero da shugabannin kasuwar, ku tara yaranku, ku nemo matattun kwamfutoci goma, ku fara da makarantar unguwa guda.