Ta taga ko ta ƙofa

Duk wanda ya riƙe waya a Nijar kafin 2019 ya san Orange. Uwar wannan kampani a Faransa, wadda a da ake kira France Télécom, ta sha wata shari'a da nake so mu matasa masu shiga aiki mu sani.

A 2006 shugabannin kampanin suka yanke shawarar rage ma'aikata 22,000 cikin shekara uku. Matsalarsu ita ce galibin ma'aikatan na gwamnati ne, doka ba ta yarda a sallame su ba. Sai shugaban, Didier Lombard, ya ce wa manyan jami'ansa zai fitar da mutanen ko ta yaya, ta taga ko ta ƙofa. Aka shiga gasa wa mutane aya a hannu. A ɗauke magidanci a jefa shi wani gari nesa da iyalinsa. A ɗauki gwanin gyaran layi mai shekara ashirin a bakin aiki, a zaunar da shi yana amsa kiran masu saye. Wani kuma a bar shi a biro ba aikin komai, har ya gaji ya tafi da ƙafarsa.

Tsakanin 2008 da 2009, ma'aikata 35 suka kashe kansu. Wani a Marsai ya bar wasiƙa cewa aikin ne kaɗai dalilinsa. Lombard kuwa, a gaban ƴan jarida, ya kira abin "yayi". Yayi fa, kamar ana zancen atamfa!

A Disamban 2019 kotun Paris ta same shi da laifi, ta yanke masa ɗaurin shekara guda, wata takwas a jingine, ta ci kampanin tarar yuro 75,000, wajen miliyan 49 na sefa. Kuɗin goro ne ga irin wannan kampani. Amma kotu ta faɗi abin da ya fi tarar nauyi: wulaƙancin da aka tsara daga sama laifi ne, ko da shugaba bai taɓa ganin fuskar wanda ya cutar ba.

Mu nan, sai an mari mutum muke cewa an ci zarafinsa. To shef ɗin da ke zagin sakatariyarsa gaban baƙi fa? Mai shagon da ke riƙe kuɗin yaronsa wata uku yana ce masa in bai so ga hanya? Ka kai kuka gida, a ce yi haƙuri, wasu ko aikin ba su samu ba. Ni dai na gaji da haƙurin da kullum ƙaramin ake nema wa. Wanda aka zalunta ya rubuta rana da abin da aka yi masa, ya riƙe shaidu, ya kai ga sandika ko masu binciken ƙwadago.

Sai abokin aikin da ke kusa da kai. Mai fara'a ne, ya koma shiru, ba ya cin abinci da ku, yana neman gafara ba dalili, yana cewa ya zame wa kowa kaya. Kar ka fara da wa'azi, ya san hukuncin tun yana makarantar allo. Ja shi gefe ka tambaye shi kai tsaye: kana tunanin kashe kanka ne? Tambayar ba ta sa wa mutum wannan tunani, sau da yawa ma ita ke buɗe masa baki. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da duk wani abu mai haɗari daga inda yake, a sanar da wanda ya yarda da shi a gida, a raka shi wurin likita a ranar. A Yamai, Babban Asibitin Ƙasa yana da sashen masu damuwar ƙwaƙwalwa. Kuma kada labarinsa ya shiga gurup ɗin WhatsApp na ma'aikata.