Kukan Uwaye a Bakin Filin Ƙwallo

A Matankari, gasar ƙwallon yara takan faɗo cikin babban hutun lakkwal, watau da damana. Uwaye suna kuka da abu biyu: fili cike da ƙarangiya, inda yara ke gudu babu takalmi, da alƙalin wasa ɗan gari mai karkata wajen danginsa. Kukansu gaskiya ne, amma zagi a bakin fili ba ya cire ƙaya.

A 2015 Nijar ta karɓi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17. Mai son ganin ɗansa a irin wannan matsayi, sai ya fara daga filin garinsu. Wajibi ne hukuma ta keɓe fili, uwaye su yi gayyar share shi, a ɗauko alƙali daga wani gari, kamar Dogondutsi.