Yaye a Ƙasar da Babu Kaka

 Yau maganarmu a kan waɗanda aure ya ɗauka ya kai wata ƙasa ne, suna can da ƙaramin yaro a hannu, wanda ya bar rarrafe ya fara tatata, bakinsa kuma ya fara buɗewa. Kada wata ta ce ba ruwanta da wannan, ita da ko Kano sai shekara-shekara. A zamanin nan yarinya tana zaune a Kaugama ko Malam Madori, sai a ɗaura mata aure da malamin da za a tura ƙaro ilmi Masar ko Malesiya, ko likitan da ya sami aiki a Saudiyya ko Ingila, kafin shekara ta kewayo ta bi shi. Cikin waɗanda muka gama makarantar horon malamai tare, uku suna waje yanzu, kowacce da goyo. In ba ke ba ce, to, ƙanwarki ce ko 'yarki.

Mu dubi gida tukuna. Yaro ɗan wata 18 a garin nan, hannu nawa ke ɗaukarsa daga safe zuwa dare? Uwa ta ba shi nono ta miƙa wa kaka, kaka ta yi ta kiransa maigidanta, tana yi masa gorin bai kawo cefane ba. Facala ta goya shi ta tafi daka. Yayyensa su ja shi ƙofar gida, ya ga akuya, ya ga amalanke, ya ji mai tallan kifi, kome ya nuna da yatsa a gaya masa sunansa. Ba wanda ya taɓa zama ya ce yau zan koya wa yaron nan Hausa, ko gaisuwa, ko cin tuwo da dama. Tsakar gida ce ke koya masa, mu kuwa ba mu lura ba, gama abin da mutum ya tashi ya tarar ba ya ganin girmansa.

To, ɗauki wannan yaro ki sa shi a ɗaki biyu can saman bene a Alƙahira. Ƙofa a rufe, maƙwabta ba su jin maganarku, maigida ya fita tun da sassafe sai almuru. Aikin da mata biyar ke yi a gida ya komo kan yarinya ɗaya mai shekara 22, wadda ita kanta kewar gida ke damunta.

Wata za ta ce ai mutanenmu sun daɗe suna renon 'ya'ya a ƙasashen mutane. Gaskiya ne. Kafin jirgin sama, alhazai a ƙasa suke tafiya, ta Barno, su ƙetare Cadi su faɗa Sudan, waɗansu su shekara biyar ko fiye a hanya suna noma suna tara guzuri, a haifi yara a yaye su ba a kai Makka ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce gabas da jama'a, suka zauna a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, garin kuwa da sunansa ake kiransa. Da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka ƙara jan mutanenmu. Jikokinsu da yawa suna jin Hausa har yau, ko da yake yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya ɗaiɗaita mutanen waɗannan wurare, Allah ya kawo musu sauƙi. Haka nan fataken goro da suka bi hanyar Gwanja suka kafa zango a Salaga da Kumasi. Hausarsu ta ɗan sāke, har za ki ji an ce da mace “ya zo”, amma dai Hausa ce.

Me ya riƙe musu harshe shekara ɗari da ɗoriya? Da garinsu suka tafi. A zango akwai sarki, akwai liman, akwai makarantar allo da ungozoma da wanzami da mai fura, akwai tsofaffi a zaure. Yaro ya fita ƙofar gida ya tarar da Hausa tana jiransa. Matan yanzu kuwa su kaɗai suke tafiya da mazansu, wata sai ta shiga mota ta yi tafiyar awa guda kafin ta sami Bahaushiya 'yar'uwarta.

A nan ne nake so in taɓo wata al'ada tamu, ina roƙon iyayenmu su yi mini haƙuri. Yawancin yaran da ake reno a waje 'ya'yan fari ne, gama amare ne ke tafiya. Kun kuwa san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi sai ta kau da kai wani ya ɗauke shi. Ni ban raina wannan al'ada ba. Tana da kyau a inda aka yi ta, domin tana nuna ɗa na dangi ne duka, kuma duk abin da uwa ta rage kaka da goggo suna cikawa har ya yi yawa. Amma a ɗakin da ba kowa sai ke da shi, kunyar wa kike ji? Bango? In kin yi shiru, gidan duka ya yi shiru, yaron kuwa yana cikin watannin da kunnensa ke kwasar magana kamar yadda busasshiyar ƙasa ke shan ruwan farko. Ki ajiye kunyar nan a akwati tare da kayan sallah, ranar da kuka sauka gida kya ɗauko ta. Ki laƙaba masa suna in na yanka ya yi miki nauyi. Ki yi ta yi masa surutu kina aiki: ga albasa, ga wuƙa, kul, da zafi, miƙo mini ludayi. Ki yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ko da kina ganin bai gane ba. Ki durƙusa ki gai da ubansa da safe yana kallo, kwana kaɗan za ki ga ya durƙusa shi ma.

Akwai masu tsoron wai harshe biyu zai rikita yaro, har su daina yi masa Hausa don ya iya Larabci ko Turanci da wuri. Wannan tsoro ba shi da tushe, kuma ba sai mun je nesa neman shaida ba. Ku je Birniwa ko Guri ku ga yara ƙanana suna Manganci ko Badanci a gida, suna Hausa a kasuwa, ga 'ya'yan Fulani da Fillancinsu, ba wanda kansa ya juye. A makarantar horon malamai an koya mana cewa tsakanin shekara 2 zuwa 2 da rabi yawancin yara suna da kalma wajen 50, suna kuma haɗa biyu, kamar “Baba tafi”. Mai harshe biyu sai a haɗa na nan da na can a ƙirga tare. In ya gauraya su cikin magana ɗaya ba kome, zai rarrabe da kansa. In kuwa ya wuce wannan lokaci ba ya cewa kome, a kai shi likita a duba kunnensa, kada a ɗora wa Hausa laifi. Harshen waje ba ya bukatar taimakonki, titi da makaranta za su ba shi har ya fi ki. Na gida shi ne ba shi da kowa sai ke. Mu mutanen ƙasar Haɗeja ya kamata mu fi kowa sanin wannan. Auyo tana nan kusa da mu, da can tana da harshenta, Auyakanci, yau babu mai yinsa ko ɗaya. Ba wani sarki da ya yi doka ya hana, iyaye ne suka daina yi wa 'ya'yansu.

Sai maganar waya. Uwa ta gaji, ga girki ga wanki, sai ta miƙa wa yaro waya ya yi ta kallon 'yan tsana masu tsalle-tsalle, ta sami sararin numfashi. Ban ga laifinta ƙwarai ba, wanda bai yi zaman kaɗaici ba shi ke saurin yanke hukunci. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban irin wannan kallo, daga 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce awa guda a yini. Wayar nan dai ita ce za ta kawo masa kakarsa. A sa lokaci sananne, a kira gida ta bidiyo, kaka ta yi masa gorin cefanen nan, a nuna masa akuya da rumbu. Ku na gida ku lura da bambancin lokaci: Makka tana gabanmu da awa 2, Malesiya da awa 7, watau in kun idar da sallar isha'i a nan, su can tsakar dare ya wuce.

Yaye kuma fa? A gida ranar yaye sai a kai yaro ɗakin kaka ko wani gari, ya yi kukansa na kwana uku a can, a lallashe shi da fura da ƙosai. A waje ba inda za a kai shi, kuma shafa wa nono abu mai ɗaci a yini ɗaya, ga yaro ga uwa a ɗaki guda, azaba ce gare su duka biyu. Gara a bi shi sannu. A fara janye na rana ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan makonni, a bar na dare ya zama na ƙarshe, sa'an nan uban ya karɓi kwanciya da shi. I, uban. Wanda ya raba yarinya da uwarta da kakarta ya kai ta bayan teku, lalle ya san shi ne ya gaje su, ba zai dawo daga karatu ya miƙe ƙafa yana jiran tuwo ba.

Abin da za a yaye shi da shi bai kai wahalar da ake zato ba, in an san sunansa a can. Gero yana nan a kantunan Indiyawa, bajra suke ce masa, a Sudan kuwa dukhun. Kuɓewa ita ce bamiya wajen Larabawa, zoɓorodo karkade, tsamiya kuwa Misirawa na ce mata tamar hindi. Da gero da tsamiya da markaɗaɗɗiyar gyaɗa marar sukari, ga kunu ya samu. Kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya a ƙulla su cikin kaya tun daga gida. Amma kilishi da man shanu ba a yarda a shiga da su Ingila ba, a filin jirgi za a karɓe, kada a wahalar da tsohuwa tana soyawa. Yaron da ya saba da miyar kuka tun yana ɗan yaye ba zai zo gida ya ture ƙwaryar kakarsa ba, ku kuwa kun san yadda wannan ke yi wa tsohuwa ciwo.

Akwai abu guda da ba ya zuwa ran wanda ya tashi a nan, watau rana. Mu da muke gudunta, a Landan cikin Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi, wadda ake samu ma ba ta da ƙarfi. Jiki kuwa da hasken rana yake yin bitamin D mai ƙarfafa ƙashi, baƙar fata kuma ta fi bukatar rana mai yawa. In ya yi ƙaranci sai ƙashin yaro ya yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe. Saboda haka hukumar lafiya ta Ingila ta ce a riƙa ba yara 'yan shekara 1 zuwa 4 ɗigonsa kullum. Na Saudiyya ma su tambayi likita, gama zafi kan kulle yaro a ɗaki wata da watanni. Sa'an nan a san dokar ƙasa. Barin yaro wajen yayarsa 'yar shekara bakwai a tafi kasuwa, wanda a nan ba kome ba ne, a ƙasashen Turawa yana iya jawo ma'aikatan kula da yara har gida. Duka kuwa, Suwidin ta hana shi tun 1979, Sikotilan ta bi a 2020.

Ku kuma iyayenmu na gida, in 'yarku ta kira tana kuka, kada a ce mata me ta rasa, ga lantarki ga ruwan famfo. Mutane ta rasa. In an zo hutu kuma yaro ya ɓuya bayan uwarsa, ko ya yi Hausa a karkace, kada a taru a yi masa dariya ana ce masa Bature ko Balarabe. Yaro in aka yi masa dariya sau biyu sai ya kulle bakinsa. A amsa masa, a maimaita masa daidai, a wuce.

Zuwa gidan nan ma yana son shiri. Ingila ba ta da zazzaɓin cizon sauro, Masar ma an tabbatar ta rabu da shi a 2024, saboda haka yaron da ya tashi can jikinsa bai taɓa gamuwa da shi ba. Ku kuwa kun san sauron fadamar Haɗeja in ruwa ya cika a Agusta da Satumba. In da hali a zo da hunturu. A ga likita tun kafin a taso ya rubuta maganin kariya, a zo da katin rigakafinsa, a kwana cikin gidan sauro tun daren farko. In da damina aka zo, a nuna wa masu raba maganin zazzaɓi gida-gida irin wanda yake sha kafin a ba shi nasu. Bayan an koma kuma, ko da wata shida ne, in jikinsa ya yi zafi a kai shi asibiti ran nan, a gaya wa likita a fili cewa yaron ya je Nijeriya, gama likitan can ba lalle ne zazzaɓin sauro ya zo masa a rai ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan yadda ake shanya kuɓewa da kuka su shekara ba su yi ƙwari ba.